Hoton Inna da Aksiyon Marar Suna

A garin Madawa, bayan tashar mota, akwai wata yarinya da ke zaune tare da kakarta. Shekararta goma sha biyu. Tana aji shida a lakwal. Kanta yana ja, hannunta kuma yana da sauri. Saurin ma ya fi yawa.

Uwarta ta rasu tun tana da shekara biyu. Babanta yana Abijan wajen bida, wato ci-rani, yakan kira ta a waya ran Juma'a. Muryarsa dai ta san ta. Amma fuskar uwarta, ko a mafarki ba ta taɓa gani ba.

Da can akwai hotuna a gidan. Shekarar da ruwa ya ci unguwarsu, ɗakin Kaka ya faɗi. Akwatin da hotunan ke ciki ya bi ruwa.

Wani lokaci yarinyar takan zauna kusa da Kaka, ta ce, "Kaka, da wa Innata take kama?"

Kaka takan ce, "Da mutane. Tashi ki ɗauko mini ludayi."

Ba mugunta ba ce. Uwar yarinyar ita ce ɗiyar farin Kaka. A gidajensu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma yawan zancensa. Kunya ce ta gado. Mutuwa ma ba ta sa Kaka ta saki wannan kunyar ba.

Sai yarinyar ta koma duba madubi. Ta dubi hancinta, ta dubi goshinta. Ko na Inna ne? Ran kasuwa kuma takan bi fuskokin mata masu sayar da albasa da kallo. Takan ce a ranta, ƙila kamar waccan take. A'a, ƙila kamar wannan.

Tana da kawu, ƙanen uwarta, sunansa Hafizu. Yana da shagon ɗaukar hoto a bakin gudron, wato titin kwalta. Bayan rasuwar yayarsa ya koyi sana'ar, shi ya sa bai da hotonta ko ɗaya. Ran Asabar da Lahadi, da babu lakwal, yarinyar tana wuni a shagon. Can ta koyi taɓa ordinatar, wato kwamfuta.

Wata rana aka kawo hotunan 'yan jarrabawa har guda sittin. Kowanne sai an mai da shi hoton dantite, wato ƙaramin hoto na kai da kafaɗa kawai.

Yarinyar ta ce, "Kawu, ɗaya bayan ɗaya za mu yi su? Ai sai gobe!"

Kawu ya yi dariya. Ya ce, "Jawo kujera ki ga wayon masu sana'a."

Ya buɗe hoto ɗaya. Ya danna wani ɗan jan maɓalli a gefen allo.

Ya ce, "Daga yanzu ordinatar tana kallona. Duk abin da na yi, tana riƙewa."

Ya yanke hoton, ya bar kai da kafaɗa. Ya ƙara masa haske. Ya goge fuska ta yi sumul. Ya adana shi, ya rufe. Sannan ya danna maɓallin tsayawa.

Ya ce, "To, ta haddace. Wanga abu shi ake kira aksiyon. Aiki ne da kinka yi sau ɗaya, kinka naɗe shi. Duba ki gani."

Ya buɗe wani hoto, ya danna sau ɗaya. Kafin ƙiftawar ido, hoton ya yanku, ya yi haske, ya yi sumul, ya rufe kansa.

Yarinyar ta tafa hannu. "Kai! Aljani ne a ciki?"

"Babu aljani. Kwaikwayo ne kawai ta iya. Kuma ki ji da kyau, ba ta da ido. Ko hoton jaki kinka ba ta, haka za ta yi mashi. Ba za ta tsaya ta tambaye ki ba."

Daga ranar yarinyar ta kamu da son abin. Kowace Asabar sai ta naɗi sabon aksiyon. Wannan na ƙara haske. Wancan na sa fure a gefen hoton suna. Wani na dantite, irin na Kawu. Wani kuma ta fara, ta ɓata, ta bar shi nan.

Duk wanda ta naɗa, ordinatar takan tambayi suna. Ita kuwa ba ta da lokacin rubutu. Sai ta danna ta wuce. Ordinatar ta sa musu lamba da kanta. Aksiyon 1. Aksiyon 2. Aksiyon 3. Suka yi jerin gwano har goma sha huɗu.

Kawu ya gani, ya girgiza kai.

"Ɗiyata, mi ne ne wanga? Gida cike da 'ya'ya, babu wanda anka raɗa wa suna?"

"Na san su duka, Kawu. Suna cikin kaina."

"To, na bakwai mi yake yi?"

Ta ce, "Haske... ko fure. Ɗaya dai daga ciki."

"Kin ji ko? Ki zauna ki ba kowane suna. Wanda bai da amfani ki share shi."

"Zan yi, Kawu. Asabar mai zuwa."

Asabar ta zo ta wuce. Wata ma ta zo ta wuce. Mai cewa gobe, ai gobensa ba ta ƙarewa.

Ana nan, wata Juma'a da rana ta dawo daga lakwal. Ta biya ta shago. Ta tarar Kawu yana tsaye a bakin ƙofa, kamar ita yake jira.

Ya ce, "Shigo. Yau kin yi baƙuwa, amma kun saɓa."

"Wace ce?"

"Inna Zalika, ƙawar uwarki, daga Keita. Tare sunka tashi can tun suna 'yan mata. Ta zo suna a garin ga, ta koma a motar sha biyu."

Yarinyar ta taɓa jin sunan. Ba ta taɓa ganin mai shi ba.

Kawu ya ce, "Ashe tana da hoton uwarki. Guda ɗaya tak, shekara goma tana ɓoyonsa. Na roƙe ta ta bar mini, ta ce ko da wasa. Da ƙyar ta yarda na sa shi a sikana, injin kwafe hoto, ordinatar ta ɗauka. Tana tsaye a kaina har na gama, ta karɓe abinta."

Jakar lakwal ta zame daga kafaɗar yarinyar.

Kawu ya buɗe hoton a allo.

Wata mata ce zaune a kan kujerar ƙarfe. Ta ɗaura kallabi. A kowane kunci tana da tsaga uku, gajeru. A cinyarta akwai jaririya. Hannun matar yana kan cikin jaririyar.

"Waccan mai kumatun ke ce," in ji Kawu.

Yarinyar ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa allo. Amma hoton ya tsufa. Ya yi duhu, ya yi ja-ja. Idanun matar suna cikin inuwa. Ga fuska, amma ba ta fito sosai ba.

Ta ce, "Kawu, ba na ganin idonta."

"Za ki gani. Gobe da sassafe zan tahi Buza ɗaukar 'yan jarrabawa. Ran Litinin in na dawo sai mu zauna mu gyara shi. Tsohon hoto da hannu ake bin shi, sannu-sannu. Kada ki taɓa shi. Kin ji?"

"Na ji."

Ta ji ɗin, amma da kunne ɗaya.

Washegari Kawu ya bar mata mabuɗi, don ta ba mutane hotunansu da aka riga aka wanke. Ta share shago. Ta kunna ordinatar. Ta ce kallo kawai za ta yi.

Ta buɗe hoton. Ta kalla, ta kalla. Mai kabu-kabu ya zo ya karɓi nasa ya tafi. Ta koma ta ci gaba da kallo.

Shekara goma take jira. Amma kwana biyun nan suka fi mata shekara goman tsawo.

Ta ce a ranta, haske kawai zan ƙara. Ai ina da aksiyon na haske. Dannawa ɗaya ne, in ga idonta. Kawu ma ba zai sani ba.

Ta dubi jerin. Goma sha huɗu ne, duk kamarsu ɗaya. Na bakwai ne ko na takwas? Ta tuna ran da ta naɗa shi ana ruwa. Ko kuwa wancan ne ta naɗa ana ruwa?

Da ta buɗe cikinsa, da ta ga matakan a rubuce. Da ta gwada shi a kan wani hoton banza, da ta gane. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, na takwas ne. Ta danna.

Allo ya yi walƙiya sau uku. Hoton ya ɓace.

Aksiyon na haske ba ya rufe hoto.

Ta sake buɗe shi.

Kai da kafaɗa ne kawai suka rage. Kujera ta tafi. Hannu ya tafi. Jaririya ta tafi. Fuskar ta yi fari fat, ta yi sumul kamar ƙwai. Tsagar nan uku-uku babu ko alamarta.

Ashe na takwas aksiyon na dantite ne.

Ta danna wurin komawa baya. Babu abin da ya motsa. Ta sake dannawa. Shiru. Ta duba kwandon shara na ordinatar, ta duba kowace jaka. Babu. Aksiyon ya adana sabon hoto a kan tsohon, ya rufe ƙofa. Haka ta koya masa, haka ya yi.

Ta kifa kai a kan tebur. Ta yi kuka har rigarta ta jiƙe.

Da la'asar ta fitar da ɗan hoton a takarda. Ko ba komai, shi kaɗai ya rage mata. Ta sa shi cikin littafinta, ta kulle shago, ta tafi gida.

Kaka tana tsakar gida tana tsince wake. Ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Wa yam mutu?"

"Babu kowa."

"To mi yas sami idonki? Ko albasa kinka yanka a shagon hoto?"

Yarinyar ta so ta ce kuran ce, wato wutar lantarki, ta ɗauke, ta lalata aiki. Ƙaryar ta zo har bakinta. Amma Kaka ba a yi mata ƙarya. Ta san ƙarya tun daga tafiyarta.

Ta ciro hoton ta miƙa.

Kaka ta goge hannu a zane. Tun jiya Hafizu ya gaya mata zancen hoton. Yau kuwa tun safe idonta yana kan ƙofa. Ta karɓa. Ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa.

Ta ce, "Wagga wace ce?"

"Innata ce."

"A'a. Wagga ba haihuwata ba ce. Ina tsagarta? Wanzami ya yi mata ita ran suna, ina ɗaki ina jin kukanta. Wagga dai 'yar tsana ce ta kanti."

Ta miƙa mata abinta.

Yarinyar ta durƙusa. Ta faɗi duk yadda aka yi, ba ta rage komai ba.

Kaka ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "An ce ki jira?"

"An ce."

"Kin jira?"

"Ban jira ba."

"To. Ba ni da abin cewa. Ba zan buge ki ba, abin da kinka yi ya riga ya buge ki. Tashi ki ci tuwo. Ran Litinin da bakinki za ki gaya wa kawunki."

Kaka ta koma kan wakenta. Amma yarinyar ta lura, tsakuwa take zubawa cikin ƙwarya, wake kuma a ƙasa. Sai a lokacin ta gane ba ita kaɗai ke jiran hoton nan ba.

Lahadi ta yi tsawo. Ran Litinin, da aka tashi daga lakwal, ta nufi shago.

Kawu ya dawo, yana kaɗe ƙura daga jakarsa.

Ta ce, "Kawu, na taɓa hoton. Na ɓata shi."

Ya buɗe ya gani. Ya zauna, idonsa a kan allo. Yayarsa ce fa, shi ma.

Can ya ce, "Wanne kinka danna?"

"Na takwas. Na zaci na haske ne."

"Zo nan."

Ya danna 'yar kibiyar da ke gefen Aksiyon 8. Matakan suka jeru. Ya ce ta karanta da ƙarfi.

Ta karanta. "Yanke. Ƙara haske. Goge fuska. Adana. Rufe."

"Ya ɓoye miki wani abu?"

"A'a."

"Ya yi abin da ba ki sa shi ba?"

"A'a, Kawu."

"To kin gani. Da kin rubuta mashi suna, da ba ki ko kai hannu wurinsa ba."

Hawaye suka sake zubo mata. "Ba za a iya maido shi ba?"

"Abin da anka adana a kansa ya tahi. Ba zan iya zana miki jaririyar da babu ita ba." Ya sauke numfashi. "Ni ma ina da nawa laihi. Mai sana'a ba ya barin hoto irin wanga babu kwafi. Ina gaggawar Buza na manta. Mu biyu munka yi sauri."

"To yanzu fa?"

"Hanya ɗaya ta rage. Inna Zalika."

Ya kira ta a waya. Muryarta tana fitowa da ƙarfi, har mai shayi na maƙwabta yana ji.

"Ka ce mi? Hoton da na kawo ran Juma'a? Shekara goma yana hannuna ko ƙuda bai sauka kansa ba, ku kwana ɗaya kunka gama da shi?"

"Inna, na cikin inji ne ya ɓaci. Naki yana nan lahiya. Ko za ki ba direba ya kawo mana?"

"Direba! In ba direba Salma, ya sa ta cikin aljihu tare da goro? Ba ta sake hawa mota. Wadda ta ɓata, ta zo da ƙahwarta in gan ta."

Ta kashe waya.

Salma. Yarinyar ta san sunan uwarta, amma ba ta taɓa jin an kira shi haka ba, kamar mai shi tana ɗaki na kusa.

Kawu ya ce, "Asabar mai zuwa za mu tahi Keita. Amma da sharaɗi. Kahin nan, sai kin gyara gidan 'ya'yan nan naki."

Duk yammacin makon, in ta taso daga lakwal, shago take zuwa. Kawu ya ba ta hoton wani rago da ya ɗauka da Sallah, ya yi kwafinsa da yawa, ya ce ta yi gwaji a kansu.

Ta bi aksiyon ɗin ɗaya-ɗaya. Ta buɗe kowanne, ta karanta matakansa. Ta gwada shi a kan rago. Sannan ta rubuta masa suna.

Na bakwai ya zama "Haske kawai". Na takwas ya zama "Dantite, yana yanka". Na uku ya zama "Furen suna". Rago ya sha wahala. An yanke shi, an goge shi, an sa masa fure.

Guda shida ta tarar ba su da amfani. Biyu ma aikinsu ɗaya. Ta share su. Sauran ta raba su jaka biyu, ta dantite daban, ta biki daban.

Kawu ya nuna mata wani abu kuma. A gefen kowane mataki akwai ɗan akwati. In ta cire alamar da ke ciki, aksiyon zai tsallake matakin. Ta cire alamar "Adana" daga dukansu.

Ta ce, "Daga yau ni zan duba da idona, sannan in adana."

Ran Juma'a ta naɗi sabon aksiyon guda ɗaya. Aikinsa kawai ya yi kwafin hoto, ya ajiye na asali gefe. Ta sa masa suna "Kwafi tukuna". Ta ja shi ta kai saman jerin.

Kawu ya karanta, ya ce, "Wanga ni ma zan riƙa aro."

Ran Asabar suka shiga mota. Kawu ya rataya babbar kyamararsa. Kaka ta rako su bakin ƙofa, ta ba yarinyar ƙullin albasa da kuka.

Ta ce, "Ki kai mata. Kuma in kin je, kada ki yi ta kewaye-kewaye. Faɗi laihinki ki yi shiru."

Mota ta wuce Buza. Ta hau tudu, ta gangara kwari. Duwatsu ta ko'ina, da itatuwan gawo. Yarinyar tana ta kallo ta taga. Nan Innarta ta girma. Ƙila ta taɓa zama ƙarƙashin wancan icen.

Suka tarar da Inna Zalika tana shanya tumatir a tsakar gida. Doguwa ce, muryarta ta fi ta waya ƙarfi. Bayan an gaisa, an sha ruwa, ta dubi yarinyar sama da ƙasa.

"Ke ce gwanar?"

Yarinyar ta durƙusa. "Ni ce, Inna. An ce in jira, ban jira ba. An ce in sa wa aikina suna, ban sa ba. Na ɓata hoton. Ki yi haƙuri."

Ta yi shiru, kamar yadda Kaka ta ce.

Inna Zalika ta daɗe tana kallonta. Ta juya wajen Kawu.

"Hafizu, ka ga yadda take murza yatsa? Wallahi Salma sak! Haka take yi in ta yi ɓarna."

Yarinyar ta dubi hannunta. Ba ta ma san tana murza yatsa ba.

"Innata ma tana ɓarna?"

"Uwarki? Wa ya kai ta! Ba ta iya jiran kunu ya huce, kullum harshenta a ƙone. Wata rana munka je ɗaukar dutse wajen aikin tare ruwa. An ce mu jira a kawo amalanke. Ta ce ita ba ta jira. Ta ɗora ƙaton dutse a ka, taku uku ta zauna daɓas cikin laka. Har yau in na tuna sai na yi dariya."

Ta yi dariyar kuwa, tana share ido da bakin mayafi.

Sannan ta shiga ɗaki. Ta fito da wani kwano mai murfi. A cikin kwanon akwai ƙyalle. A cikin ƙyallen akwai leda. A cikin ledar akwai hoton.

"Wanke hannunki tukuna."

Yarinyar ta wanke, ta goge sosai. Inna Zalika ta ɗora mata shi a tafin hannu.

Ga kujera. Ga kallabi. Ga tsaga uku-uku. Ga jaririya, ga hannu a kan cikinta. A hasken rana idanun ma sun ɗan fito. Dariya suke yi.

"A kasuwar Buza anka ɗauke shi," in ji Inna Zalika. "Kina da wata biyar. Kina ta ihu kamar ana yanka ki. Mai hoto ya ce a ba ni ke in riƙe, a ɗauke ta ita kaɗai. Ta ce a'a, in babu ɗiyarta a bar hoton. Ta sa hannu tana shafa miki ciki har kinka yi shiru. Shi ne ya ɗauka."

Yarinyar ta ƙura wa hannun nan ido. Ta riƙe hoton nesa da fuskarta, don kada hawaye ya ɗiga a kansa.

Kawu ya shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa. Ya ɗauki hoton da kyamara har sau biyar. Inna Zalika tana tsaye a kansa. Yana gamawa ta mai da abinta cikin leda, cikin ƙyalle, cikin kwano.

Ta ce wa yarinyar, "Ran da kinka yi hankali, naki ne. Ba yau ba. Amma in an yi hutu ki zo ki kwana biyu. Labarin uwarki yana nan cike da bakina, babu mai saurare."

Da suka koma Madawa, abu na farko da yarinyar ta danna shi ne "Kwafi tukuna". Suka ajiye kwafi ɗaya a ordinatar, ɗaya a kile, ɗan abin ajiya da ake soka wa ordinatar, ɗaya suka aika wa Baba a Abijan.

Sannan suka fara gyara da hannu. Kwana uku suka yi. Suka cire ja-jan nan kaɗan-kaɗan. Suka haskaka wurin idanu. Da suka iso kunci, Kawu ya ce, "Nan fa?"

Ta ce, "Nan ba a taɓawa."

Suka wanke shi babba, suka sa shi a gilashi. Yarinyar ta rungumo shi har gida.

Kaka tana zaune a tabarma. Yarinyar ta ajiye mata shi a cinya, ta koma gefe.

Kaka ta duba. Ba ta kai shi nesa ba, ba ta kawo shi kusa ba. Ta sa yatsa a kan tsagar, ta bi su ɗaya, biyu, uku. Ta kama bakin zanenta ta goge gilashin, ko da yake babu ƙura a kansa.

Ta ce, "Ita ce."

Can kuma ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Goshinki nata ne. Hancin dai na ubanki ne, sai haƙuri."

Yarinyar ta yi dariya, hawaye na zuba. Shekara goma tana tambaya, yau ta sami amsa.

Suka rataye hoton a ɗaki, sama sosai, inda ruwa ba zai kai ba.

To, yara, ku riƙe wannan. Inji ba ya da ido, ba ya da tausayi. Abin da kuka koya masa shi zai maimaita. Don haka ku ba kowane aiki sunansa. Ku share wanda ba shi da amfani. Ku gwada kafin ku danna, ku ajiye na asali gefe. In babba ya ce ku jira, ku jira. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa da bakinku. Gaskiyar da yarinyar nan ta faɗa ita ta kai ta Keita, ita ta maido mata da fuskar uwarta.